Matata ta ƙi yarda a sayar da gonar gado a saya mini gwiwa mai kwamfuta

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 37, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, sana'ata sayar da hatsi a kasuwar garinmu. Shekara biyu da suka wuce mota ta buge ni ina kan babur, ƙafata ta hagu ta karye. Mahaifiyata ta dage a kai ni wurin mai ɗori. Kafin a ankara ƙafar ta fara ruɓewa, da aka kai ni asibiti sai aka yanke ta sama da gwiwa. An yi mini ƙafar roba, ina tafiya da ita da sanda ɗaya, amma gwiwar takan lanƙwashe ba zato, na sha faɗuwa. Ta ƙarshe a bakin rumfata ce ranar kasuwa, jama'a suka taru a kaina ana ta sannu. Tun daga ranar ba na fita sai ya zama dole.

Ƙanena ya nuna mini bidiyon wani sojan Amurka da aka yanke wa ƙafa irin tawa, yana saukowa daga bene ba sanda, ba riƙe ƙarfe. An ce gwiwarsa tana da kwamfuta a ciki. Mun tambayi kuɗinta, ya ninka jarina sau da yawa. Hajiya ta ce a sayar da gonar da mahaifinmu ya bari. Ba a raba gadon ba, mu biyar ne, kuma ƙannena mata biyu sun ce sun yarda. Akwai kuma wani a WhatsApp da ya ce yana da ta hannu daga Turai da araha, in tura rabin kuɗi ya sa a kawo. Matata ce kaɗai ta ƙi. Ta ce da ni, "Idan aka sayar da gona, ƙafar ta lalace, me kuma za a sayar?" Maganar nan ta yi mini ciwo, yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ina jin kamar ta fi son gona a kaina. Don Allah a ba ni shawara.

Mai hatsi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara maka lafiya da haƙuri. Na karanta wasiƙarka, kuma wurin da ya fi tsaya mini shi ne faɗuwar nan ta bakin rumfa. Mutumin da aka saba gani yana ɗaga buhun masara yau shi ake ɗagawa daga ƙasa, a gaban yaran shagonsa da abokan cinikinsa. Duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne bai taɓa ɗanɗana shi ba. Don haka son da kake yi wa gwiwar nan ba kwaɗayi ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Kana neman ka riƙa taka ƙasa ba tare da fargaba ba, kuma haƙƙinka ne ka nema.

Bidiyon da ka gani ba ƙarya ba ne. Irin wannan gwiwa ta daɗe a kasuwa. Kamfanin Blatchford na Ingila ya fitar da ta farko mai kwamfuta a 1993, sannan kamfanin Ottobock na Jamus ya fito da C-Leg a 1997, wadda ita ce ta fi suna har yau. Daga baya Össur na ƙasar Aisland ya kawo Rheo Knee, Ottobock kuma ya ƙara da Genium a 2011. Aikinta shi ne taka burki. A cikinta akwai 'yan na'urori da ke auna yadda gwiwar ta lanƙwashe da nauyin da ka ɗora mata, sau 50 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya, sai kwamfutar ta matse ko ta saki hanyar da mai ke bi a cikin gwiwar. Idan kana ɗaga ƙafa za ka jefa ta gaba, sai ta saki. Idan ka yi tuntuɓe nauyinka ya faɗo mata tana lanƙwashe, maimakon ta zube da kai sai ta ƙanƙame, ta ba ka damar gyara tsayuwa. Nan ne babban amfaninta yake, kuma likitoci sun tabbatar masu amfani da ita sun fi ƙarancin faɗuwa, musamman a gangare da matakala da ƙasa mai gargada. Ba zan rage mata daraja don in kwantar maka da hankali ba. Abu ne mai kyau, kuma matsalarka ta faɗuwa tana cikin abin da aka ƙera ta dominsa.

Sai dai bidiyo ba ya nuna komai. Yawancin waɗannan gwiwoyi ba su da injin da zai tura ka gaba ko ya ɗaga ka daga kujera. Akwai mai inji, Power Knee ta kamfanin Össur, amma ita ta fi nauyi, ta fi cin batir. Sauran duk ƙarfin daga ƙugunka da abin da ya rage na cinyarka yake fitowa. Sojan nan da ka gani ya yi watanni a hannun masu gashin ƙashi kafin a ɗauki wannan bidiyon, gwamnatinsa ce ta biya, kuma duk ranar da ƙafar ta yi masa ciwo akwai wanda zai gyara masa cikin mako. Gwiwar ka gani, ba ka ga mutanen da ke bayanta ba.

Yanzu bari in tambaye ka wani abu da ba ka ambata ba. Yaushe rabon da a duba soket ɗinka, wato kwandon da dungulmin cinyarka ke shiga? Ina tambaya ne domin a shekara ta farko zuwa ta biyu bayan yanka dungulmi yana motsewa sosai, kumburi ya saɓe, tsoka ta ragu. Soket ɗin da ya zauna daram ranar da aka ba ka shi, yau wataƙila cinyarka yawo take a ciki. Ka duba da kanka. Idan da safe safa ɗaya kake sa wa dungulmin, da la'asar sai ka ƙara biyu ko uku kafin ka ji ya kama. Idan kana jin ƙafar tana sulluɓewa ƙasa in ka ɗaga ta, tana ƙarar iska in ka taka. Idan yatsun ƙafar robar suna karkacewa ciki ko waje kana cikin tafiya. Idan ka cire da dare ka ga jan tabo a matsematsi ko a ƙarshen ƙashi wanda ba ya ɓacewa bayan ɗan lokaci, to soket ɗin ya yi maka yawa. Mutumin da cinyarsa ke yawo a soket ba ya iya danne gwiwa ta miƙe a lokacin da dunduniya ta taɓa ƙasa, kuma a daidai wannan lokacin ne gwiwa ke cin amanar mai ita. Haka nan idan ba a daidaita layin ƙafar da kyau ba, gwiwar ta ɗan yi gaba fiye da inda nauyinka ke sauka, lanƙwashewa za ta yi ta yi ko da sabuwa ce fil.

Akwai kuma zaman kasuwa. Mai hatsi yini yake a zaune, yanzu kuma da ka daina fita zaman ya ƙaru. Yawan zama yana sa jijiyoyin gaban ƙugu su ɗaure, dungulmin ya riƙa karkata gaba, tsokar ɗuwawu wadda ita ce ke kulle gwiwar roba ta yi sanyi. Idan ɗaya daga cikin abubuwan nan uku ne ke kayar da kai, ka ɗaura gwiwar miliyoyi a ƙarƙashin wannan soket ɗin, za ta rage maka faɗuwa, amma ciwon da ɗingishin da gajiyar suna nan, ga gona ta tafi. Masu sana'ar haɗa ƙafar roba a ko'ina sun yi ittifaƙi cewa soket ne ƙafa, sauran duk a jikinsa suke rataye.

Mu koma kan tambayar maiɗakinka, domin ita ce tambayar da ƙwararre zai fara yi maka. Gwiwa mai kwamfuta ba sayen sau ɗaya ba ne. Batir gare ta: C-Leg takan yi kamar kwana biyu da caji ɗaya, Genium kamar kwana biyar, shi ya sa ake son a riƙa sa ta a caji kowane dare. Wannan mai sauƙi ne, ƙaramar sola ta wadatar. Idan cajin ya ƙare kana hanya ba za ta zubar da kai ba, amma za ta sandare ka riƙa jan ta har ka isa gida. Abin da ya fi wuya shi ne gyara. Ba makanike ko mai gyaran waya da zai buɗe ta. Sai an cire ta an aika wa kamfani ko wakilinsa, kai kuma kana jira. Garantin da ake bayarwa yawanci shekara 3 ne, ana iya biya a tsawaita shi zuwa 6, kuma da sharaɗin kana kai ta dubawa a lokutan da aka tsara. Bayan nan duk abin da ya lalace daga aljihunka ne, da kuɗin waje. Shekararka 37. In Allah ya yi maka tsawon rai, gwiwa nawa za ka buƙata kafin ka kai 70? Ko a Ingila, sai a ƙarshen 2016 hukumar lafiyarsu ta fara biya wa mutane irin wannan gwiwa, kuma sai an tantance mutum an gwada shi da ita tukuna.

Wani abu da 'yan talla ba sa tunawa da shi shi ne yadda muke rayuwa. Mu a tabarma muke zama, a ƙasa muke salla, da buta muke alwala, damina kuma kwata da taɓo ne hanyar kasuwa. Yawancin gwiwoyin kwamfuta suna jure yayyafi da fantsamar ruwa, amma ba duka ake tsomawa a ruwa ba. Wadda aka yi don haka, irin X3 da aka ƙera tare da rundunar sojan Amurka, tana cikin mafiya tsada. Sannan lanƙwashewar C-Leg ba ta wuce digiri 130, alhali wasu gwiwoyin marasa batir suna kaiwa 150 zuwa 160. Ga mai son sujada da zaman tahiya wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ake sawa tsakanin soket da gwiwa, in ka danna shi ƙafar ta juya gefe, ka iya tanƙwashe ta ka zauna a tabarma ko ka sa takalmi ba wahala. Kuɗinsa bai kai komai ba in aka kwatanta da gwiwar, amma mutane da yawa ba a taɓa gaya musu akwai shi ba. Game da salla kuwa, ka san hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari: ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Kada kunyar kujera ta raba ka da jam'i.

Mutumin WhatsApp, kada ka tura masa ko sisi. Ko da mai gaskiya ne, araha ba ta ado. Irin wannan gwiwa mutum ɗaya aka yi wa ita, garanti ba ya bin ta zuwa hannu na biyu, ba ka san shekarun batirinta ba, kuma sai wanda kamfani ya horar, mai manhajar kamfanin, zai iya saita ta daidai da nauyinka da takunka. Idan kuma ba mai gaskiya ba ne, ka riga ka san inda rabin kuɗin zai kwana.

To, maiɗakinka. Ɗan'uwa, ka yi mata adalci. Matar da ta yi jinyarka, ta ga ƙafar nan tana baƙi, ta wanke maka dungulmi, ta riƙe gida lokacin da ba ka iya zuwa bayi sai an kama ka, ba ita za a ce ta fi son gona ba. Abin da na karanta a maganarta tsoro ne. Sau ɗaya a baya dangi sun haɗu a kan shawara cikin gaggawa da kyakkyawar niyya, ita tana gefe, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya. Yanzu ta ga an sake haɗuwa, sai ta buɗe baki. Ka auna nauyin abin da ta yi: suruka ce ta saɓa wa uwar mijinta a kan maganar gadon da ba nata ba. Ba kowace mace ce za ta iya ba, kuma ta san abin da za a ce da ita a dangi. Na yarda kalmominta sun zo da kaifi, kuma mai rauni ko magana mai laushi takan soke shi. Idan tana karanta wannan, ina ce mata: Hajiya ƙarama, gaskiyarki ce, amma ki fara gaya masa kin ga wahalar da yake sha kafin ki kawo lissafi. Kai kuma ka kira ta bayan yara sun kwanta, ka gaya mata abin da ka gaya mini game da ranar kasuwar nan. Ina zargin ba ka taɓa faɗa mata yadda abin ya ci ranka ba. Kuma duk inda za ka je ganin ƙwararru, da ita za ka je, ta ji da kunnenta, ta yi tambayoyinta.

Hajiya kuwa a bi ta a hankali. Uwa ce da ta ce a kai ɗanta wurin mai ɗori don tana ganin nan ne sauƙi, kamar yadda dubban iyaye suke yi, sai abin ya zo da ƙaddara. Ba ta faɗa ba, amma tana ɗauke da wannan dare da rana. Sayar da gonar a wurinta wata hanya ce ta biyan bashin da take jin ka biyo ta. Idan kawai aka ce mata an fasa, za ta ji an rufe mata ƙofa, kuma laifin zai koma kan surukarta. Kai ne za ka je ka durƙusa ka ce, "Hajiya, ni ban riƙe ki da komai ba, abin da Allah ya rubuta ne ya faru." Sannan ka ce mata kai ne ka yanke shawarar a fara ganin likita kafin a taɓa gona. Kada sunan matarka ya fito a zancen.

Ƙannenka mata sun ce sun yarda. Wace ƙanwa ce za ta kalli yayanta mai ƙafa ɗaya, uwa tana zaune, ta ce ba ta yarda ba? Yardar kunya ba a gina ciniki a kanta. Idan har maganar gona za ta sake tasowa, a kira malami a raba gadon tukuna, kowa ya san nasa. Wanda ya ga dama ya ba ka daga rabonsa bayan ya shiga hannunsa, wannan kyauta ce mai albarka. Kai ma ka tuna gonar nan ita ce abin da ba ya buƙatar ƙafa biyu: ko ba ka noma ta da kanka, ana ba da ita haya, tana kawo hatsin da za ka zuba a rumfa.

Abin da nake so ka yi a watan nan shi ne ka je Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko cibiyar gyaran gaɓoɓi ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri idan ta fi maka kusa. Duka biyun suna da sashen ƙafar roba, kuma ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi aiki tare da su a wannan fanni. Ka tafi da ƙafar da duk safunan da kake amfani da su. Ka ce a duba soket, a duba layin ƙafar, a gaya maka sunan irin gwiwar da ke jikinka da dalilin da take lanƙwashewa. Ka ba su labarin kowace faɗuwa: a gangare ne, a yashi ne, kana juyawa ne, ko ka gaji ne. Daga nan ka nemi a haɗa ka da sashen gashin ƙashi, a koya maka motsa ƙugu, da taku, da yadda ake faɗuwa a tashi ba tare da an ji rauni ba, domin wannan ma koyar da shi ake yi. Kafin ka je, ka fara kwanciya rubda ciki na kamar minti 20 sau biyu a rana don ƙugun ya saki, in dai ba ka da wata larurar da ta hana.

Ka kuma tambaye su gwiwoyin da ke tsakiya, domin tsakanin wadda kake da ita da ta bidiyo akwai matakai da yawa. Akwai masu gaɓoɓi huɗu ko fiye, waɗanda ƙirarsu ce ke sa su kulle da kansu idan ka taka da dunduniya, irin Total Knee ta Össur. Akwai masu aiki da mai ba tare da batir ba, irin 3R80 ta Ottobock, wadda ake iya sauka matakala da ita ƙafa bayan ƙafa. Har akwai mai gaɓoɓi huɗu da ɗaliban Jami'ar Stanford suka ƙera tare da ƙungiyar ƙafar Jaipur ta Indiya, wadda aka inganta aka sa mata suna ReMotion, aka riƙa sayar da ita kimanin dala 80. Ba na ce kowace za ta dace da kai ba, nauyinka da tsawon dungulminka da irin aikinka ne za su nuna. Amma sabon soket da gwiwa mai kulle kanta da watanni uku na horo, abu ne da adashi da gudummawar 'yan'uwa da ƙungiyar 'yan kasuwarku za su iya ɗauka ba a taɓa ƙasa ba.

Idan ka yi duk wannan, bayan wata shida har yanzu kana faɗuwa, ko kasuwa ta buɗe maka ka ga kana da hali, ban rufe maka ƙofar gwiwa mai kwamfuta ba. A lokacin za ka je mata da ƙugu mai ƙarfi da soket mai kyau, ka ci moriyarta sosai. Sharuɗɗana dai su ne: a wurin ƙwararren da kamfani ya amince da shi za ka saya, a ɗaura maka ita ka gwada kafin ka biya, gani ya kori ji. Ka gwada ta a gangare, a yashi, ka yi sujada da ita. A rubuta maka a takarda kuɗin gwiwa da tafin ƙafa da soket da horo, shekarun garanti, inda ake kai ta gyara, wanda zai biya kuɗin aikawa, da ko za a ba ka aron wata kafin taka ta dawo. Tsohuwar ƙafarka kuma ka ajiye ta da kyau, za ka neme ta.

Kafin nan, ka koma rumfa. Ka riƙe sandarka ba tare da jin nauyi ba, ka sa a share bakin rumfar a cike ramuka, a ajiye maka kujera mai ɗan tsayi da hannuwa, ɗaukar buhu kuma ka bar wa yara. Ka riƙa tashi kana 'yan taku lokaci-lokaci maimakon yini a zaune. Ƙafarka ta dama ita ke ɗauke da kai yanzu, ka sa mata takalmi rufaffe, ka riƙa duba ta da dare, kuma in ka je asibiti ka sa a auna maka suga da hawan jini. Idan an duba soket ɗin, ka rubuto mini abin da suka ce. A gaida Hajiya da maiɗaki da yara.